Wasiƙar Godiya Ga Ofishin Da Ya Ɗauki Nauyin Bizar Aikina Zuwa Ingila

Zuwa ga shugaba da ma'aikatan ofishin ɗaukar ma'aikata daga ƙasashen waje, na asibitin NHS (hukumar lafiya ta gwamnatin Birtaniya) da nake wa aiki a arewacin Ingila.

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Bayan haka, ni ma'aikaciyar jinya ce, ɗaya daga cikin waɗanda kuka ɗauko. Na ga ya dace in gode muku a bainar jama'a, saboda abokan aikina masu niyyar wannan tafiya ba su daina tambayata nawa na biya aka ba ni takardar ɗaukar nauyi da ake neman bizar aiki da ita ba. Ban biya ko sisin kwabo ba, kuma tun ranar farko ku kuka gaya mini cewa duk wanda ya nemi kuɗi a hannuna da sunan wannan takarda, ba da yawunku yake ba.

Ƙasata tana cikin jerin ƙasashen da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce suna fama da ƙarancin ma'aikatan lafiya. Saboda haka ƙa'idar Birtaniya ta hana asibitoci zuwa zawarcin ma'aikata a can, ko da kansu ko ta hannun kamfani. Abin da aka yarda da shi, mutum ya ga tallan aiki ya nema da kansa. Haka na yi, kuma sai da kuka tabbatar babu ɗan tsakiya a maganar kafin kuka sa mini ranar ganawa. A lokacin na riga na ci jarrabawar Turanci ta OET da ta kwamfuta, wato CBT, wadda hukumar NMC mai rajistar nas-nas da ungozomomi take buƙata.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda aka bi da takardar ɗaukar nauyin, wadda kowa ke kira CoS. Ba takarda ba ce da ake riƙewa a hannu, bayani ne a kwamfuta mai ɗauke da lamba, kuma wanda Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta Birtaniya ta ba lasisi kaɗai ke iya fitar da ita. Kafin ku fitar da tawa, wata baiwar Allah daga ofishinku ta kira ni ta bidiyo, ta buɗe fom ɗin a allo muna kallo tare, muka bi shi layi-layi: suna, lambar fasfo, irin aikin, albashi, ranar fara aiki. Da muka zo kan suna sai ta dakata, ta ce in ɗaga fasfona in nuna mata, sannan in ɗaga shaidar makarantar koyon jinya. Jerin sunayen ya bambanta a takardun biyu. Ta ce gara a warware yanzu da takardar rantsuwa daga kotu, da a bari jami'in biza ya gano da kansa. Ta kuma tuna mini cewa da zarar lambar ta fito, wata 3 kawai nake da shi in nemi biza, don haka in fara kammala gwajin tarin fuka a asibitin da aka amince da shi, in karɓo takardar 'yan sanda mai nuna ban taɓa aikata laifi ba.

Akwai wani ɗan akwati a fom ɗin da ta danna a gabana, inda asibitin ya ɗauki alkawarin kula da ni a watan farko. Ba don shi ba, da sai na nuna fam 1,270 ya kwana 28 a asusuna ba tare da ya ragu ba. Duk wanda ya san albashin nas a inda na fito ya san girman wannan nauyi da aka sauke mini. Ita ce kuma ta fahimtar da ni cewa a bizar ma'aikatan lafiya, wadda aka fara a 2020, ba a biyan harajin lafiya na fam 1,035 a shekara da sauran masu bizar aiki ke biya.

Ba daɗin baki kuka yi mini ba, shi ya sa na yarda da ku. Kun ce bizar tana ɗaure da asibitin nan, in na so canza wurin aiki sai na sami wani mai ɗaukar nauyi, na sabunta biza. Kun nuna mini sharaɗin mayar da wani ɓangare na kuɗin jirgi da na jarrabawa in na tafi da wuri, da yadda yake raguwa shekara bayan shekara, kuka ba ni lokaci in karanta kafin in sa hannu. Kun kuma faɗa mini cewa albashina zai kasance ƙasa da na cikakkiyar nas har sai na ci jarrabawar aiki da hannu ta OSCE na karɓi lambar rajista.

Wanda bai ga abin da ya sami wasu ba, ba zai san darajar wannan ba. Dillalai sun sayar wa mutane CoS kan dubban fam, wasu suka sayar da kadara, suka iso Birtaniya suka tarar babu aikin. Tsakanin Yulin 2022 da Disambar 2024, gwamnati ta soke lasisin masu ɗaukar nauyi fiye da 470 a fannin kula da tsofaffi da marasa ƙarfi. In aka soke lasisin uban gidanka, galibi kwana 60 ake ba ka ka nemo wani ko ka bar ƙasar. Raina yana ɓaci duk lokacin da na tuna cewa mutanen kirki ne, masu son yin aiki da guminsu, aka yi wa wannan cuta.

Bayan isowata ma ba ku sake ni ba. An tarbe mu a filin jirgi, an ba mu masauki kusa da asibiti, an raka mu buɗe asusun banki. Sai shirin OSCE, jarrabawar aiki da hannu mai tashoshi 10. Malamarmu takan tsaya da agogo a hannu, ni kuma ina gaban mutum-mutumin roba, in wanke hannu, in gaishe shi, in faɗi sunana, in duba abin shaidar da ke ɗaure a hannunsa in tabbatar da sunansa da ranar haihuwarsa, ina faɗin duk abin da nake yi da ƙarfi. In na tsallake mataki ɗaya, sai ta ce a koma farko, ba tsawa ba gajiya. Ranar da sakamako ya fito, ita ta riga ni kuka.

Roƙona ga shugabannin asibitin shi ne a ƙara wa wannan ofishi ma'aikata. Su kaɗan ne, saƙonni kuma ba sa yankewa, na sha ganin amsarsu ta shigo bayan an tashi aiki. Yanzu haka su ne ke taya ni haɗa takardun maigidana da yaranmu domin su biyo ni.

Na gode ƙwarai. Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara muku lafiya da juriya.

Taku,
Ma'aikaciyar jinya a sashen masu ciwon ƙoda.