Godiya ga wani shagon gyaran kwamfuta a Jidda

Assalamu alaikum. Na rubuto wannan ne ga mai ƙaramin shagon nan na titin Khalid bin Walid da yaron shagonsa, ɗan Hausawan unguwar Hindawiyya. Allah ya saka muku da alheri.

Abin da ɗana ya nema bai taka kara ya karya ba: fankokin akwatin kwamfutarsa su riƙa haske kore da fari, launin da ya haɗa tutar Najeriya da ta Saudiyya. Amma kafin mu zo wurinku mun sha wuya. Wani mai shago ko buɗe akwatin bai yi ba, ya ce sai dai mu sayi sabo. Wani kuma ya karɓi aikin, ya cusa fitilu masu volt 5 a gurbin volt 12, suka ƙone a gabanmu har da ƙauri, sannan ya ce kayan ne jabu. Kuɗinmu dai sun tafi.

Yaron naku da ya ji muna Hausa, sai ya ce, "Baba, zauna tukuna mu duba." Ya nuna mana cewa gurbin fitila iri biyu ne a babban allon da ke cikin akwatin kwamfuta (motherboard): mai ƙafa huɗu na volt 12, wanda ke ba duk fitilun launi ɗaya, da mai ƙafa uku na volt 5, wanda kowace fitila ke iya ɗaukar launinta. Allonmu mai ƙafa huɗu kawai gare shi. Sai ya sa wata 'yar na'urar sarrafa launin fitilu da ke jan wuta ta wayar SATA (ɗaya daga cikin wayoyin wutar da ke cikin akwatin), ya zagaye bakin tsofaffin fankokinmu masu milimita 120 da fitilun, ya ɗaure wayoyi nesa da fukafukai. Ya kuma gano fankar baya a juye take, tana zuƙo iska maimakon fitarwa. A zafin Jidda wannan ba wasa ba ne. Ya gyara, bai ƙara ko riyal ɗaya ba.

Har rasit aka ba mu, da harajin kashi 15 a rubuce. Wasu shagunan, da zarar sun ga baƙar fata da Larabci mai gargada, sai farashi ya tashi, ka tambayi rasit a yi kamar ba a ji ba, ka nemi bayani a ce ai ba za ka gane ba. Kuma da yawansu ba su san bambancin ƙafa uku da huɗu ba.

Wassalam,
Wani mahaifi daga unguwar Sabil