Barka da Sallah daga Singafo

Assalamu alaikum Baba da Inna,

Ina gaishe ku da girmamawa, barkanmu da shan ruwa, barka da Sallah. Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya maimaita mana.

Hutun da aka ba mu a wurin aiki na ƙetaro da shi daga Maleshiya zuwa Singafo, a nan na yi Idi a Masallacin Sultan da ke unguwar Kampong Glam. Tun 1824 aka fara gina masallaci a wurin, ginin yanzu kuma an kammala shi a 1932. Baba, da kuna nan da kun daɗe kuna kallon ƙubbarsa mai ruwan zinare. A gindinta akwai wani baƙin zobe da ya zagaye ta, ashe ɗuwawun kwalabe ne da talakawan Musulmi suka tara don kada a yi ginin babu hannunsu.

Malayawa kowane gida da launin kayansa, uba da uwa da yara duk iri ɗaya. Wani abokin aikina ya kai ni gidansu, muka ci shinkafar da ake dafawa cikin saƙaƙƙen ganyen kwakwa da nama mai yaji. Can sai na ga manyan maza masu 'ya'ya sun durƙusa gaban iyayensu, suna sumbatar hannunsu suna neman gafara, har da masu hawaye. Wallahi ku na tuna. Ni ma ga ni durƙushe daga nesa, duk abin da na yi muku, na sani ko ban sani ba, ku yafe mini.

Garin kansa tsaf yake, jirgin ƙasa na bi ta ƙarƙashinsa, ga benaye birjik. Akwai otal ɗin Marina Bay Sands, dogayen gine-gine uku da aka ɗora musu wani abu kamar jirgin ruwa a ka. Sai dai tsada.

Inna, kada hankalinki ya tashi, na shiga jirgin ruwa na yawon buɗe ido, kuma na sauka lafiya lau. Kafin ya tashi sai da aka nuna wa kowa rigar ceto da inda zai taru in wani abu ya faru. Mun bi mashigin Malaka zuwa tsibirin Penang, manyan jiragen dakon mai da kwantenoni suna wuce mu ba dare ba rana. Abincin halal akwai, wannan na tambaya tun kafin in biya kuɗi. Alƙibla ce ta fi ba ni aiki. A nan yamma ake kallo, a ɗan karkata arewa, ba gabas kamar gida ba, ga jirgi yana juyawa, dole kowace salla in sake duba waya kafin in shimfiɗa darduma.

Na tura goron Sallah ta hannun Yaya, a ba Gwaggo nata, a saya wa Auta takalmin da ta roƙa. Hotuna na tafe. A gaida mutanen gida duka, a ci gaba da sa ni a addu'a.

Ɗanku mai kewarku.