Amsa ga ɗan'uwan da ya tambaye ni: me kuma ya rage bayan gadar Kawo?

Assalamu alaikum, Malam.

Ranar da aka yi shirin rediyo kan cunkoson Kaduna, ka bugo waya ka tambaye ni kowa na ji: an faɗaɗa tituna, an sake gina gadar Kawo, to me kuma nake nema da na dage sai an gyara harkar motocin haya? Lokaci ya ƙure mana ban gamsar da kai ba. Ga amsata.

Ban raina aikin titi ba. Duk wanda ya san Kawo kafin a buɗe sabuwar gadar a 2022 ya san an samu sauƙi. Amma ka dubi yadda Allah Ya shimfiɗa garin nan. Kogi ya raba shi biyu, gadojin tsallakawa kuma 'yan kaɗan ne. Mutanen Sabon Tasha da Kakuri da Barnawa suna kwararowa da safe, na Kawo da Mando suna gangarowa, duk a haɗu a tsakiyar gari. Muddin kowa da motarsa ko kekensa zai fito, komai faɗin titi sai ya cika. Mutum hamsin da bas ɗaya za ta kwashe, sai Keke Napep goma ko fiye sun fito kafin su ɗebe su, kowanne da salansarsa.

Hayaƙin nan shi ne ya fi ci mini rai. Akwai wata baiwar Allah da nake sayen gasasshiyar masara a wurinta kusa da Kasuwar Sheikh Gumi. Kaskonta bai fi taku uku da inda kekuna ke tsayawa lodi ba, ga jariri goye a bayanta. In hunturu ya shigo, ƙura ta haɗu da hayaƙi, sai ka ji yaron yana tari kamar ƙirjinsa zai tsage. Ita ba ta da mota, amma ita ke shaƙar hayaƙin motocinmu tun safe har magariba.

Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota ya zama abin da magidanci ke lissafawa kafin cefane. Shi ya sa na yi murna da bas 100 masu amfani da iskar gas da gwamnatin Uba Sani ta kawo a 2025. Sai dai bas ɗin da za ta maƙale a gosulo ɗaya da kowa ba za ta sa mai mota ya ajiye makullinsa a gida ba. Abin da zai sa ya ajiye shi ne tabbaci: ya san ƙarfe bakwai bas za ta zo, bakwai da rabi yana ofis. Wannan kuwa ba ya samuwa sai an ware wa bas layinta ita kaɗai, kamar yadda Legas ta fara a 2008. Layin Kawo zuwa Sabon Tasha da ake magana a kai, nan ne ya kamata a sa ƙarfi. Jami'an KASTLEA, hukumar kula da dokokin hanya ta jihar Kaduna, su tsare shi, ko mai jiniya ne ya shiga a dakatar da shi.

Kada kuma a kori masu keke, da shi suke ci da iyali. A ba su unguwanni, su riƙa kawo mutane daga lungunan Rigasa da Tudun Wada zuwa tashar bas. Matafiyin da ya sauka daga jirgin Abuja a Rigasa ma ya tarar da bas tana jiransa.

Roƙona na ƙarshe, a ware kuɗin gyara da kayan gyara tun yanzu. Mun sha ganin sabbin motoci sun ƙare a gareji, taya a sace, ciyawa ta fito a ƙarƙashinsu.

In ka samu sarari, zo mu tsaya tare a bakin kasuwa da ƙarfe biyar na yamma, ka ƙirga motocin da mutum ɗaya ne kawai a ciki.

Wassalam, naka ɗan'uwa daga Tudun Wada.