Wasiƙa Zuwa Gembu: Maganar Tsohuwar Hilux da Jan Tirela

Tudun Wada,
Zariya.

Zuwa ga aminina Malam Habu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da yara da sauran 'yan uwa da ke can Gembu. Ya sanyin dutse? Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Kaka ta shigo, sabuwar masara ta fara fitowa daga Giwa da Soba da Maigana, hunturu kuma ya soma leƙowa da ƙurarsa.

Saƙonka ya iso ni. Ka ce ka ga wata tsohuwar Hilux mai shan gas, mai injin 5L, kana son ka saya, mai walda ya haɗa maka tirela mai taya biyu, ka riƙa sauko da masara da wake daga kan dutse. Ka tambaye ni ko za ta ja buhu talatin. Na ga maganar ta fi ƙarfin waya, shi ya sa na zauna na rubuta, don ka karanta a tsanake, ka kuma karanta wa direban da za ka ba motar.

Za ta ja, Malam Habu. Injin nan mai silinda huɗu ne, lita uku, ba shi da tabo (turbo, wato na'urar da ke ƙara cusa wa inji iska), ba shi da gudu, amma a giya ɗaya zai tayar da abin da zai ba ka mamaki. Tsayawar ce ke ba ni tsoro. Duk wanda ya daɗe a sana'ar nan ya san akori-kura tana iya jan abin da ba ta iya tsayarwa, kuma a nan ake asarar rai da dukiya.

Mu yi lissafi da buhu, tunda shi muka sani. Buhun masara kilo 100 ne. Abin da kamfani ya yarda Hilux ta ɗauka a jikinta bai wuce tan ɗaya ba, kuma a ciki har da direba da yaron mota. Ƙasa da buhu goma ke nan. Na san a kasuwar Giwa za ka ga an lafta mata fiye da haka, an ƙara mata sifirin har ta ɗaga baya. Sifirin aka ƙara, birki yana nan yadda yake. Ita kuma tirelar da ba ta da birkin kanta, irin wadda masu waldarmu suke haɗawa, a ƙasashen Turai ba a barin ta wuce kilo 750, har da nauyin ƙarfenta. Sababbin Hilux da ka ji ana cewa suna jan kilo 3,500, da tirela mai birki ake nufi, kuma ba irin taka ba ce. Buhu talatin tan uku ne. Motar ita kanta ba ta kai tan biyu ba. Ka ga ke nan a gangara kayan ne za su riƙa tura motar, direba yana riƙe da sitiyari kawai.

Mu nan Zariya ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce. Daga Kwangila zuwa Funtuwa ko Kano babu gangarar da za ta ɗaga wa direba hankali, shi ya sa masu obalodi suke sha da kyar ba su sani ba. Kai kuwa kana da saukowar Mayo Selbe, kwana a kan kwana, ga rami a gefe. Idan direba ya ɗora ƙafa a birki tun daga sama bai ɗaga ba, birkin zai ɗauki zafi har ya daina kamawa. Abin da ya fi wannan muni shi ne man birki. Yana shan danshin iska a hankali, kuma idan ya tsufa, zafi yana sa ruwan da ke ciki ya tafasa, sai ka taka birki ka ji ƙafarka ta tafi ƙasa babu komai. A ƙasa mai ruwan sama kamar Mambila, ka canza shi duk shekara biyu ko da ka ga bai ragu ba. Ka gaya wa direbanka ya sauko a giyar da zai hau da ita, biyu ko ma ɗaya, tun kafin gangarar ta fara. Ya taka birki da ƙarfi na ɗan lokaci, ya saki ya huce, ya sake takawa.

Wata ɗabi'a kuma da nake roƙonka ka hana shi ita ce sa mota a furi, ko kashe inji a gangara wai don tattalin gas. A injin irin naka, famfon da ke ba birki ƙarfi a bayan altaneto yake, injin ne ke juya shi. Da inji ya mutu, taku biyu ko uku ne ya rage maka, daga nan birki ya sandare, sitiyari ma ya yi nauyi. Dalilin nan ne ya sa ba na son a ja matacciyar mota da igiya a kan hawa da gangara. A sa ƙarfen ja mai tauri, ko a nemo janwe.

Sai loda tirelar. Ka tuna amalanken shanu: idan aka tara kaya a baya, sandar gaba sai ta ɗaga sama, shanun su rasa yadda za su yi. Tirela ma haka. Mafi yawan kayan, kamar kashi shida cikin goma, su zauna gaban tayoyinta, yadda kusan kashi ɗaya cikin goma na nauyinta zai danne ƙugiyar da ke jikin mota. Bara a hanyar Funtuwa, bayan an wuce Shika, ina bin bayan wata akori-kura da ke jan tirela cike da takin zamani, an jibge shi duk a baya. Wata babbar mota ta zo ta wuce su da gudu, iskarta ta bugi tirelar. Sai na ga wutsiyar ta fara kaɗawa, dama, hagu, dama, kowace kaɗawa ta fi ta baya faɗi. Jar wutar birkinsa ta kama, nan take tirelar ta naɗe ta bugi gefen motar, suka sauka daga kwalta tare. Buhuna suka fashe, taki ya zube fari fat a bakin gona. Allah ya tsare, direba da yaronsa sun fito da ƙafarsu, yaron yana riƙe da kafaɗa. Da direban ya ɗaga ƙafa daga totur a hankali, ya riƙe sitiyari a miƙe bai taka birki da ƙarfi ba, da wataƙila ta lafa da kanta.

Kada ka yarda a like ƙugiyar a jikin bamba. A shasi ake ɗaure ta, da kusoshi masu ƙarfi, a ƙara sarƙa biyu a giciye a ƙarƙashi, don ko ƙugiya ta kuɓuce sarƙar ta tare. A sa wa tirelar fitilar baya da ta birki, ga hazon da kuke fama da shi. Taya kuma ka duba lambobi huɗun nan da ke gefenta: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Tayar gwanjo mai kyan fuska da ta shekara bakwai ba ta ɗaukar lodi.

Yanzu injin kansa. Abin da ke kashe tsohon injin gas a wurin jan kaya zafi ne. Zariya ba ta kai mita 700 a kan teku ba, ku kuwa kuna wajen mita 1,600. Iska ta fi sirantaka a can, kuma injin da ba shi da tabo yana rasa kusan kashi goma cikin ɗari na ƙarfinsa a duk mita 1,000 da ya hau. Direban da bai san wannan ba sai ya ji mota ta yi sanyi a hawa, ya danne totur har ƙasa a babbar giya, baƙin hayaƙi ya turnuƙe a baya. Hayaƙin nan gas ne da bai ƙone ba, kuɗinka ne ke fita ta salansa, kuma kan injin yana gasuwa. Ya sauke giya, ya bar injin ya yi kukansa a sake, idonsa a kan allurar zafi. In ta fara hawa, ya tsaya a gefe ya bar injin yana aiki a hankali har ta sauko. Kada ya buɗe murfin lagireto da zafi, kada kuma ya kwara wa injin ruwan sanyi, nan ne kan inji yake tsagewa.

Akwai abin da muke yawan sa-in-sa a kansa da bakanikai a Sabon Gari. Da mota ta yi zafi sau ɗaya sai su cire tamostat, ɗan bawul ɗin da ke daidaita zafin ruwan inji, su jefar, su ce na ƙasar Turawa ne. Ni ban yarda da wannan ba, balle a wurinku. Injin gas yana son ya yi saurin kai zafinsa ya tsaya a nan. In ya yini da sanyi, gas ba ya ƙonewa sosai, yana wanke jikin silinda, ringi ya riƙa cinyewa. A nemi abin da ya kawo zafin: ko lagireto ya toshe da tsatsa saboda ruwan rijiya da ake ɗura masa, ko murfinsa ya saki, ko fanbel ya yi sako-sako. A wanke shi, a zuba ruwan lagireto na gaske mai launi.

Bayan zafi, abu na biyu da ke kashe injin shi ne irin gas ɗin da za ka sha. Tun 2022 da farashinsa ya tashi, daga baya har lita ta haura naira 1,000, masu algus suka yawaita, wasu su haɗa da kalanzir, wasu durom ɗinsu ruwa ya kwanta a ƙasa. Na san a kan dutse wani lokaci dole ka saya wurin 'yan bumburutu. To ka koyi abu ɗaya. A ƙarƙashin filtar gas akwai ɗan famfo da ake murɗawa da hannu. Ni duk ranar Juma'a da safe, kafin in tayar da mota, nakan tara farar gorar ruwa a wurin, in murɗa, in danna famfon hannu da ke saman filtar. Sai in ɗaga gorar a hasken rana. Idan akwai ruwa za ka gan shi ya kwanta a ƙasa kamar ƙwallo, gas yana samansa, wani lokaci har da jan gari na tsatsar tanki. Ruwan nan in ya wuce, injekta famfo da nozul yake ci, kuma gyaransu ya fi kuɗin filta nesa ba kusa ba. Famfon hannun nan dai shi ne za ka riƙa dannawa idan gas ya ƙare maka a hanya iska ta shiga layi, har ka ji ya yi tauri, sannan ka tayar.

A nan ne na ga ka yi dabara da ka nemi 5L. Injin D-4D da ya zo da Hilux ta 2005 ya fi ƙarfi, ya fi tattalin mai, amma nozul ɗinsa ba sa haƙuri da gurɓataccen gas ko kaɗan, kuma sai da kwamfuta ake gane ciwonsa. Naka kuwa bakaniken ƙauye da sifana da kunnensa zai iya tayar da shi. Sai dai in ka ga wayoyi sun yi yawa a jikin injekta famfon, to 5L-E ne, shi yana da 'yar kwamfutarsa, ka sani tun kafin ka biya.

Juye kada ya wuce kilomita 5,000, tare da sabuwar filta, domin tsohon injin gas yana saurin baƙanta mai. Filtar iska mu nan hunturu ke cika mana ita, ku kuma jar ƙurar rani. In za a hura ta, daga ciki ake hurawa zuwa waje. Taimin bel, wato bel ɗin da ke daidaita motsin fistin da bawul, kilomita 100,000 ne wa'adinsa. Akwai 'yar fitila a gaban direba mai tunatarwa, amma ana kashe ta ba tare da an canza komai ba, kuma mitar tsohuwar mota ba abin dogaro ba ce. Ranar da ka saya, ranar za ka canza shi, kada ka saurari rantsuwar dillali. In ya tsinke inji yana gudu, fistin da bawul ne za su yi karo. Wannan kam kada ka sayi na araha. In babu mai kyau a Jalingo, ka gaya mini in sa a duba maka a Sabon Gari ko Panteka ta Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, in ba direban mota ya kawo maka.

Kafin ka ba da kuɗi, ka je wurin motar da asuba, ka taɓa injin ka tabbatar da sanyinsa, don masu sayarwa sukan ɗumama shi kafin mai saye ya iso. Ka murɗa makulli, ka jira fitilar hita ta mutu, ka tayar. Ɗan farin hayaƙi da ya wuce nan da nan ba komai ba ne a sanyinku. In ya ƙi ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, ko ka ga kumfa tana tasowa a bakin lagireto, akwai magana a gaskit ko kan inji. Shuɗin hayaƙi kuwa baƙin mai yake sha. Ka buɗe murfin zuba mai inji yana aiki. In yana busowa da ƙarfi, ringi ya gaji. Sannan ka shimfiɗa buhu ka kwanta a ƙarƙashinta da guduma, ka ƙwanƙwasa shasi, musamman wajen da sifirin na baya ya kama. Inji ana sake shi, amma shasin da tsatsa ta ci ba na son a ɗaura masa tirela ko an yi masa faci.

In ta tsallake duk wannan, ka saya, ina goyon bayanka. Ka ɗora mata buhu takwas a jiki, tirelar kuma kada ta wuce biyar, sai in ka samu wadda aka yi da birkinta. Ranar da kaya suka kai buhu talatin, ka yi sawu uku ko ka ɗauki hayar motar Kanta. Na san kuɗin gas zai sa ka ji kamar asara ce. Ka auna shi da kuɗin inji guda, da ran yaron mutane da ke zaune a gaba.

Ka turo mini hoton ɗan farantin ƙarfen nan mai lambobi da ke jikin motar, da lambar inji, da ɗan bidiyon tashinta da safe, ka bar sautin ya fito sosai. Zan kai wa ogan garejinmu mu saurara tare kafin ka yi ciniki.

Ka gaida Hajiya da kyau, ka ce ina yi mata ya jiki. Ka gaida maiɗakinka da yara. Mutanen gida duk suna gaishe ka, suna tambayar ko za ka zo mana Sallah bana. Allah ya sa albarka a abin da za ka saya, ya tsare hanya.

Wassalam.

Naka,
Lawal