Rahoton Ayyukan Shekara na Kwamitin Tafiye-tafiye: Hasumiyar Peggy's Cove da Ƙauyukan Gaɓar Teku

Assalamu alaikum, 'yan'uwa membobi maza da mata.

Kamar yadda tsarin ƙungiya ya tanada, ga bayanin abin da kwamitin tafiye-tafiye ya gudanar a bana. Lissafin kuɗi ba ya cikin wannan takarda. Ma'aji zai karanto nasa a babban taro, saboda haka mai tambaya kan kuɗin mota ko na shiga gidan tarihi ya tanade ta zuwa ranar.

A taron farkon shekara aka amince cewa ba za mu yi nisa ba. Za mu tsaya a gaɓar tekun da ke kudu maso yammacin Halifax, babban birnin lardin Nova Scotia a Kanada, mu ɗauki hasumiyar fitilar Peggy's Cove, mai haska wa jiragen ruwa hanya, a matsayin cibiya, mu riƙa bin ƙauyukan masunta da ke kewaye da ita. Dalilin a fili yake: kusan kowa a cikinmu ya taɓa kai baƙo wurin, an ɗauki hoto, an koma mota, amma da za a tambaye shi sunan ƙauye ɗaya da ya wuce a hanya sai ya yi shiru.

Mun fara da Peggy's Cove ɗin kanta a watan Yuni. Tafiyar kimanin kilomita 43 ce daga tsakiyar Halifax, ta hanya mai lamba 333, har bakin mashigin ruwan St. Margarets. Hasumiyar farko ta katako ce, an gina ta a 1868. Wadda ake gani yanzu, fara mai jan kai da kusurwa takwas, ta kankare ce, tsawonta kusan mita 15, kuma ta haura shekara ɗari tana aiki. Tun 1958 babu mai gadin da ke kunna fitilar, na'ura ce ke yi. Dattawanmu da suka daɗe a ƙasar sun ba yara labarin gidan wayar da ke ƙasan hasumiyar, inda masu yawon buɗe ido ke jefa wasiƙa a lokacin zafi, kafin a rufe shi a 2009.

Abin da kwamiti ya fi so membobi su lura da shi shi ne ƙauyen. An kafa shi a 1811, lokacin da gwamnatin Nova Scotia ta ba iyalai shida 'yan asalin Jamus fili a wurin. Mazaunansa na dindindin a yau 'yan gommai ne kawai, kuma har yanzu akwai masu fita kamun kifi da lobsta (halittar teku mai ɓawo, dangin ƙaguwa) a cikinsu. Tun 1962 akwai dokar da ta taƙaita gine-gine a yankin, shi ya sa bai cika da otal-otal ba. Gidajen nan masu launi-launi da muke sha'awa, gidajen mutane ne da suke kwana a ciki. Don haka muka hana shiga farfajiyar kowa, muka hana hawa kan tarkunan lobsta don ɗaukar hoto. Membobi sun kiyaye, muna godiya.

A cikin ƙauyen muka tsaya a sassaƙen William deGarthe, mai zane haifaffen Finlan da ya zauna a nan. A jikin falalen dutsen da ke bayan gidansa, mai tsawon kusan mita 30, ya sassaƙa masunta 32 da matansu da 'ya'yansu. Ya rasu a 1983 bai kammala ba, kuma ana iya ganin inda aikin ya tsaya. Motocin 'yan yawo da yawa suna wucewa ba sa tsayawa a nan, alhali daga wurin ajiye mota taku kaɗan ne.

Yanzu ga maganar da dole a yi ta ba ɓoye-ɓoye. Duwatsun da ke kewaye da hasumiyar iri biyu ne ga ido: masu haske, waɗanda suke a bushe, da baƙaƙe, waɗanda ruwa ke kaiwa. Baƙin dutse yana da santsi kamar an shafa masa sabulu, kuma baƙinsa shaida ce cewa igiyar ruwa ta hau shi, za ta kuma sake hawa. Ko ranar da teku ta kwanta luf, igiya ɗaya babba takan taso ba sallama. An yi asarar rayuka a wurin, kuma allunan gargaɗi suna nan ko'ina. Duk da haka wasu matasanmu sun gangara har kan baƙin dutse, sai da shugaban tafiya ya ɗaga murya kafin suka dawo. Kwamiti ya yanke cewa daga yanzu duk wanda ya taka baƙin dutse ba zai shiga motar fita ta gaba ba, kuma iyaye su riƙe hannun ƙananan yara tun daga sauka. Wannan ba tsanani ba ne. Ruwan wurin yana da sanyin da ko gwanin iyo ba ya jure masa, kuma babu inda mutum zai kama ya hau.

Dandamalin kallo da aka buɗe a 2021 ya yi mana rana. Iyayenmu mata masu ciwon gwiwa da ɗan'uwanmu mai keken guragu sun ga hasumiyar sosai ba tare da taka dutse ba.

Fitar da ta fi taɓa zukata ita ce ta watan Satumba. Kimanin kilomita ɗaya daga ƙauyen, a wurin da ake kira Whalesback, akwai dutsen tunawa da mutum 229 da suka rasu a haɗarin jirgin saman Swissair mai lamba 111, wanda ya taso daga New York zuwa Jeniba ya faɗa teku a daren 2 ga Satumba, 1998, bayan gobara ta tashi a cikinsa. Masuntan ƙauyukan nan ne suka fara fita da kwale-kwalensu cikin duhu, ba su sami kowa da rai ba. Akwai dutse na biyu a Bayswater, ɗaya gefen mashigin. Daga nan muka zarce Terence Bay, inda aka binne da yawa daga cikin mutum fiye da 500 da suka halaka a nutsewar jirgin ruwan SS Atlantic ranar 1 ga Afrilu, 1873. Babu mace ko ɗaya da ta tsira, kuma a cikin yara ɗaya tak ya rayu. A nan ma mutanen ƙauye ne suka ceto waɗanda suka tsira, suka kai su gidajensu. Wanda ya je waɗannan wurare biyu ba sai an yi masa dogon bayani kan amfanin hasumiya ba.

Mahone Bay mun tsaya ne kawai don kallon majami'u uku da ke jere a bakin ruwa. Lunenburg kuwa ta ci mana yini guda: gari ne da aka kafa a 1753, UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1995, kuma a nan aka ƙera jirgin ruwan Bluenose a 1921, wanda hotonsa ke jikin kwabon santi goma na Kanada. Yara sun fi jin daɗin gidan tarihin kamun kifi. A ganina ƙauyen Blue Rocks da ke kusa ya fi garin kyau, ga shi babu cunkoso.

A ƙarshen Nuwamba wasu 'yan kaɗan masu juriyar sanyi suka je West Dover da Indian Harbour, suka ga an jibge tarkuna a bakin tasha ana shirin buɗe kakar lobsta, wadda a wannan yanki takan fara ranar Litinin ta ƙarshen Nuwamba idan yanayi ya bari, ta kai ƙarshen Mayu.

Matsalolinmu sanannu ne. Hazo ya rufe mana hasumiyar a wata fita har muka dawo ba a ga komai ba, wannan ba laifin kowa ba ne. Makara kuwa laifinmu ne mu membobi: a watan Yuli da Agusta, wanda bai isa Peggy's Cove da sassafe ba zai sha wahalar samun wurin ajiye mota, kuma jiran mutum biyu ko uku ya sha ja mana haka. Badi mota za ta tashi a kan lokaci.

Shawarar da kwamiti zai kawo gaban taro ita ce a nufi hasumiyar tsibirin Sambro, a bakin mashigin Halifax, wadda aka gina a 1758 kuma ita ce mafi tsufa da ke aiki har yanzu a nahiyar Amurka. Zuwa can sai da jirgin ruwa, don haka kuɗin zai fi na bana, kuma ba za a tafi da ƙananan yara ba. Mai sha'awa ya ba sakatare sunansa kafin ranar taro, don a san girman jirgin da za a nema.

Wassalam.

Sakataren kwamitin tafiye-tafiye