Wasiƙa Kan Man Ɓawon Lemu da Funfuna

Assalamu alaikum, abokina.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, zan amsa tambayar da ka yi mini a wasiƙarka, wato ko da gaske man ɓawon lemu yana hana 'ya'yan itace yin funfuna. Yana hanawa, amma da sharaɗi.

Ka san yadda ɓarnar take farawa. Wuri kaɗan ne zai yi laushi kamar an jiƙa shi, sai ya yi fari, bayan 'yan kwanaki kuma kore ya lulluɓe lemun, ko taɓa shi ka yi sai ƙura ta tashi. Masana suna kiran wannan funfuna Penicillium digitatum, mai launin shuɗi kuma Penicillium italicum, kuma ta rauni suke shiga, ko da ƙwarzanen farce ne. An daɗe ana yaƙarsu da magunguna irin su imazalil, amma a wurare da dama sun fara daina jin magani, shi ya sa hankali ya koma kan man ɓawo.

Idan ka matse ɓawon lemu, ɗan feshin nan mai ƙamshi da ke shiga ido shi ne man. A lemun zaƙi, kusan kashi 90 cikin 100 nasa sinadarin limonin (limonene) ne. A lemun tsami akwai wani sinadari mai suna sitiral (citral), wanda bai kai shi yawa ba amma ya fi shi ƙarfi, domin yana lalata tantanin da ya kewaye ƙwayar funfuna har abin da ke ciki ya tsiyaye ta mutu. Ko tururinsa kaɗai, a cikin mazubi rufaffe, yana rage yaɗuwarta.

Abin da ya fi ba ni mamaki, kuma nake so ka riƙe, shi ne idan limonin ya yi kaɗan, kamar wanda ke fita daga rauni, koren funfunar nan farkawa take yi da ƙamshinsa ta tsiro. Idan kuma man ya yi yawa, sai ya ƙona fatar lemun. Ga shi yana saurin bin iska, don haka ake gauraya shi da kakin da ake shafa wa 'ya'yan itace domin ya riƙa fita a hankali.

Idan za ka gwada, ka ware masu rauni tukuna, ka fara da kwando ɗaya, sannan ka rubuto mini abin da ka gani bayan mako guda.

Naka,
Abokinka na kullum.