Ummi, ki mayar da yaron ya karɓi allurar rigakafi ta biyu

Ummi 'yata, ya jego, ya angon nawa? Ki gaida maigidanki da su Hajiya.

Yayarki ta zo nan Tudun Wada jiya take ce min wai tunda yaron ya yi zazzaɓi bayan allurar rigakafi ta sati 6 kin ce ke kam kin gama, ba za ki koma ba. Haba Ummi. Dan Allah ki karanta wannan a natse.

Abin da ke cikin allurar nan ƙwayar cuta ce da aka kashe ko aka raunana, wani lokacin ma ɗan ɓangarenta ne kawai, ba ta da ƙarfin da za ta kwantar da yaro. In ta shiga cinyarsa sai fararen ƙwayoyin jini su ɗauke ta su kai matsematsi, daidai inda kaluluwa ke fitowa in mutum ya ji rauni a ƙafa, a can ne wasu ƙwayoyi da likitoci ke ce wa B suke gane kamanninta su fara haɗa sinadarin da zai manne mata ya hana ta ɓarna, wasu kuma masu suna T suna taimaka musu, aikin yakan ci kamar sati 2. Zafin jikin da kika gani da ɗan kumburin nan, jikin ne ke wannan aikin, shi ya sa kwana ɗaya ko biyu ya wuce.

To ga inda nake so ki gane. Bayan an gama, wasu daga cikin ƙwayoyin nan suna zama a jiki shekara da shekaru riƙe da kamannin cutar, ranar da ta gasken ta zo cikin 'yan kwanaki sun taso mata. Amma karo ɗaya bai isa su riƙe da kyau ba, kamar hadda ce, sai da bita. Shi ya sa ake yin ta sati 6, sati 10, sati 14, kowace tana ƙara yawansu da ƙarfin sinadarin. Kuma allurar nan guda cuta 5 take tarewa, ciki har da mashaƙo, tarin shiƙa da ciwon hanta. Ke kanki kin ga yadda mashaƙo ya yi ta ɗaukar yara a Kano a 2023, akasarinsu ba su kammala rigakafi ba.

Na san za a ce miki ai nono ya isa. Nono alheri ne, kar ki fasa, kuma tun yana ciki kin ba shi kariya ta mabiyiya. Sai dai wannan taki ce, jikinsa bai koyi haɗa ta ba, tana raguwa wata bayan wata. Dalilin kenan ma da ake jira sai wata 9 kafin ta ƙyanda, in an yi da wuri kariyarki za ta kashe wa allurar ƙarfi.

Ko ranar ta wuce ba komai, ba a farawa daga farko, ɗorawa ake. Ki ɗauki katinsa ki je asibitin unguwarku ranar rigakafi, kyauta ce. In ya yi zafi ki yawaita ba shi nono, ki tambayi nas yawan farasitamol da ya dace da shi, kar ki auna da ka. In kuwa ya ƙi kama nono ko kika ga jijjiga, asibiti kai tsaye ko tsakar dare ne.

Ki kira ni in kun dawo. Allah ya raya mana shi bisa sunna.

Mamanki